Gidaje tara na hali a Dungeons & Dragons: abin da na gani bayan shekara ɗaya ina jan wasa

Shekara guda ke nan ina jan ragamar wasan Dungeons & Dragons wa abokaina huɗu (wasan tebur ne da kowa ke taka rawar jarumi ɗaya a cikin labarin da mai jan wasa ke bayarwa), da littafin dokokinsa Player's Handbook na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014. Littafin ya yi, ba ni da ja. Abin da nake son magana a kai ɗan layin nan ne da ke saman takardar kowane jarumi, inda ake rubuta akalar halinsa.

Ga wanda bai sani ba, tsarin kamar allon dara yake mai gida tara. Ta wani gefen ana tambaya ko jarumin mai bin doka ne, ko ɗan ba-ruwana, ko mai bin son ransa. Ta ɗaya gefen kuma na kirki ne, tsaka-tsaki ne, ko mugu. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, gida uku ne kacal: doka, tsaka-tsaki da hargitsi, wato bin son rai. Daga baya suka koma tara, bugu na huɗu a 2008 ya rage su zuwa biyar, na biyar ya dawo da tara. A tsohon bugun ma har yare na musamman kowane gida yake da shi, abin da har yau nake dariya in na tuna.

Ranar farko ya yi mana rana sosai. Ɗaya daga cikinmu bai taɓa wasan ba, ya zauna yana kallon takarda, ya rasa ta inda zai kama. Da na ce masa, "Malam, jarumin nan naka in ya tsinci jakar zinariya a hanya, zai kai wa hukuma ko zai raba wa mabuƙata?" nan take ya gane mutumin da yake son zama. Minti biyar aka gama.

Matsalar ta fara a zama na shida. Sun kama wani goblin, wato ƙaramin dodo, ya miƙa wuya, ya faɗa musu hanyar shiga kogo. Mai riƙe da ɓarawon tawaga ya ce zai yanka shi, wai ai a takardarsa an rubuta mai bin son rai ne. Mai riƙe da faladin, wato mayaƙi mai tsarki, ya buga tebur har ɗan lidon nan mai fuska 20 ya gangara ƙasa. Kusan minti 40 muka yi ana gardama, ba a kan abin da ya dace a yi da fursunan ba, a'a, a kan ma'anar kalmomi biyu. Tun daga ranar, duk ɓarnar da ɓarawon ya tafka sai ka ji, "To ai halinsa ke nan." Layin ya zama garkuwa.

Abin haushin, a bugu na biyar layin ba ya ɗaukar nauyin komai sosai a dokokin wasa. A da, faladin dole ya kasance na kirki mai bin doka, in ya aikata mugunta da gangan ƙarfinsa ya tafi. Yanzu rantsuwarsa ce ke ɗaure shi. Ko tsafin nan na gano mugunta ba zuciya yake dubawa ba, irin halitta yake nunawa, kamar shaiɗanu da gawawwaki masu tafiya. Wato muna ta hayaniya a kan abin da littafin da kansa ya sassauta wa riƙo.

Abin da ya fishe mu yana cikin littafin dai: guraben aƙida, alaƙa da aibu. Na sa ɓarawon ya rubuta cewa akwai ƙanwarsa da ake tsare da ita saboda bashi. Shi ke nan, satarsa ta sami dalili, sauran ma suka fara taya shi. Ban yi mamaki ba da kamfanin Paizo ya cire tsarin gaba ɗaya daga wasansa Pathfinder, mai kama da wannan, a gyaran 2023, ya bar abin da jarumi ya wajabta wa kansa da abin da ya haramta wa kansa.

Ni dai har yanzu ina amfani da gidajen tara wajen dodanni da mutanen gari, don in tuna da sauri wanda zai karɓi cin hanci da wanda ba zai karɓa ba. 'Yan wasa kuwa da fensir nake sa su cike layin, in an yi zama uku mu sake dubawa. Na faladin ɗinmu sau biyu aka goge shi.