Wata huɗu muna gasar layin dogo a fadarmu: abin da na gani a Railroad Tycoon II

A Damagaram ba mu da jirgin ƙasa. Cikin mu huɗu da muke wannan wasa, mutum ɗaya ne ya taɓa shiga tarago, shi ma a Najeriya. Abin da na sani game da dogo tun ina yaro labarin kakana ne, na yadda ake ɗaukar gyaɗa daga nan a kai Kano, inda dogo ya iso tun 1911. Layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso bai zama hanyar sufuri ba, na Kano zuwa Maraɗi kuma, mai kilomita 284, har yanzu shi muke jira. Wataƙila shi ya sa wasan nan ya kama mu haka.

Railroad Tycoon II tsohon wasan kwamfuta ne na kafa kamfanin jirgin ƙasa, kamfanin PopTop ya fitar da shi a 1998, bayan na farko da Sid Meier ya ƙirƙira a 1990. Tsufansa ne ma ya yi mana rana, don kwamfutocinmu duk na hannu ne kuma sun ga jiya, amma ba wadda ta kasa ɗaukarsa. Muna haɗa su da waya a ɗakin yayanmu a Sabon Gari, ba ruwanmu da intanet, ana dafa shayi ana wasa. Wanda muka samu da Turanci yake, mu kuwa lakkwal da Faransanci muka yi, sai da muka ɗauki kamar mako uku kafin kowa ya gane shafukan lissafin kamfani.

Abin da nake so mai niyyar buga shi da abokansa ya riƙe shi ne: wasa da mutane ba a kan dogo ake cin sa ba, a kasuwar hannun jari ake ci. Aljihu biyu gare ka, na kamfani da naka na kanka, kuma ba ɗaya ba ne. Kamfaninka na iya cika da kuɗi alhali kai ba ka mallaki ko kashi ɗaya cikin biyar nasa ba. In da kwamfuta kake karawa, sau da yawa za ka tsira da wannan sakaci. Mutum ba zai bar ka ba.

A daren da na fahimci haka, layina ya fi na kowa tsawo, jiragena goma sha ɗaya, riba na shigowa. Ƙanena kuwa jirage huɗu gare shi, ya yi shiru yana kurɓar shayi. Ashe duk lokacin da na duƙufa wajen gyara gada, shi yana sayen hannun jarina kaɗan-kaɗan. Da ya haura rabi sai ya nemi a haɗe kamfanonin biyu, ƙuri'a kuma tana hannunsa. Ya ɗago ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, dogon nan ya zama nawa." Na ji zafin abin ƙwarai, don aikin awa uku ne. Tun daga ranar, kafin in sayi jirgi na uku sai na duba wa ke riƙe da hannun jarina, kuma ina sayen nawa tun yana araha, kafin ribar shekarar farko ta ɗaga farashinsa. In kuɗi ya taru a kamfani, nakan sa kamfanin ya sayi hannun jarinsa daga kasuwa, kasona ya ƙaru ba tare da na taɓa aljihuna ba.

Sai dai akwai rami a nan. Idan aka sa tsarin kuɗi a matakin ƙwararru, wasan yana barin ka sayi hannun jari da bashi. Lokacin bunƙasa daɗi gare shi. Amma tattalin arzikin wasan yana hawa yana sauka, kuma ranar da kasuwa ta faɗi za a tilasta maka sayarwa don biyan bashin, sayarwar ta ƙara karya farashi, a sake tilasta maka. Abokin hamayya mai wayo yana ganin ka ci bashi ya yi maka katutu, sai ya zubar da nasa kason a kasuwa don ya tura ka ramin, daga baya ya tsince su a banza. Na ga an yi wa abokinmu malamin lakkwal haka sau biyu a dare ɗaya.

Maganar bashi ta jawo mana muhawara ta gaske. Kamfani yana iya karɓar rancen dala 500,000 a lokaci guda, da kuɗin ruwa gwargwadon darajarsa. Yayanmu ya ce shi ko a wasa ba zai saba wa hannunsa da riba ba, sai dai ya fitar da sabbin hannayen jari. Ina girmama wannan, kuma ya nuna mana ana iya yi, amma hanyar tana da tsada: kowane sabon hannun jari yana rage kasonsa, ga ƙanena a gefe yana jira. Dole ya zama mai tsimi fiye da kowa, kuma shi ya fi mu iya zaɓen layin farko.

Daga wurinsa na koyi cewa layin farko gajere ake yi, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tsakanin garuruwa biyu masu jama'a, a fara da fasinja da wasiƙu. Kana kai kaɗai kana iya tsayar da lokaci ka yi ta auna tudu da kwari. Da mutane ba mai jiran ka, wanda ya riga kafa tasha a babban gari ya ci rabin faɗan. Kada a yi rowar babbar tasha, don ita ke kwaso gidaje da masana'antun kewaye. A sa tankin ruwa, da wurin gyaran inji, da rumbun yashi. A wasan nan na fara sanin cewa jirgi yana zuba yashi a kan dogo don ƙafafunsa su kama idan zai hau tudu. Jirgin da mansa ya ƙare shi ke lalacewa a tsakiyar hanya.

Kaya kuma sai an bi su daki-daki: hatsi zuwa gidan burodi, shanu zuwa mayanka, gawayin kwal da tama su zama ƙarfe. Tarago shida ne iyakar jirgi, kuma in ka yi ta jibge kaya iri ɗaya a gari guda farashinsa faɗuwa yake, kamar yadda albasa ke yi a kasuwar Dole ranar da motoci suka iso tare. In abokin hamayya yana kai abinci wani gari, ka riga shi sauke naka.

Akwai abubuwan da ba su yi mini ba. Ba a haƙa hanya ta cikin dutse, sai a na uku da ya fito a 2003, don haka wanda ya faɗo yankin tsaunuka ya fara da rauni, shi ya sa muke canza wuri kowane dare. Labarin Afirka da ke ciki, na dogo daga Kef a Afirka ta Kudu zuwa Alƙahira, mafarkin Cecil Rhodes ne, da idon ɗan mulkin mallaka aka tsara shi, kuma ban ji daɗin buga shi ba. Ga kuran, wato wutar lantarki, da ke ɗaukewa: in na'urar da ta haɗa mu ta mutu, wasa ya watse. Yanzu mun sa mata ƙaramin batir, kuma duk ƙarshen shekarar wasa sai an adana.

Ƙanena ya fara koyon manhajar zana taswira da ke cikin wasan. Ya riga ya sa Damagaram, da Mirya, da Magarya, da Matamaye, da Tanut, ya sa shanu a arewa, hatsi a kudu. Ranar Juma'a bayan isha'i za mu gwada ta, kuma na riga na faɗa musu layin Damagaram zuwa Kano ni zan fara shimfiɗa shi.