Rim ɗin alminiyam ko na kabon, wanne ya fi jure dutse?

Ni fa in dai keken hawan dutse ne, rim ɗin alminiyam nake saye, mai bango biyu (wato ƙarfen jikinsa ninki biyu ne) da sifok 32. Na kabon, wato wanda ake yi da zaren kabon maimakon ƙarfe, ya fi shi rashin nauyi kuma ba ya saurin karkacewa, wannan gaskiya ne, amma akwai tsada wallahi, kuma ranar da ka daki dutse da ƙarfi tsagewa yake, shi ke nan sai sabo. Alminiyam kuwa yawanci lotsewa kawai zai yi, nawa ya taɓa lotsewa a gangara, mai gyaran keke ya sa filaya ya miƙe bakin ya ɗaure sifok, har yau ina hawa abuna. Mai bango ɗaya dai kar ma ka fara, ramuka kaɗan za su lanƙwasa shi.