Wasiƙa daga Brussels: ramin caja da dokar manyan kamfanoni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara da yaran shago. Nan sanyi ya fara shiga, amma alhamdu lillahi.

Wayoyin da ka ce in duba maka na samu. Sai dai tambayar da ka yi, wai ko wayar Turai ta fi ta Dubai, ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ƙarfen wayar kusan ɗaya ne, Yaya. Abin da ya bambanta shi ne dokar da ke kanta. Ranar da na kunna sabuwar waya a nan, kafin in yi komai sai ga jerin manhajojin shiga intanet fiye da goma, an ce in zaɓi ɗaya. Na ɗauka talla ce. Maƙwabcina ɗan Maroko ya yi dariya, ya ce Tarayyar Turai ce ta tilasta, tun Maris 2024, ƙarƙashin dokar kasuwannin intanet da suke kira DMA. Ofishin masu dokar ma yana garin nan, unguwar Schuman.

Ka ƙaddara akwai wanda filin kasuwar wayoyi ta Farm Centre duka nasa ne. Shi ke karɓar kuɗin rumfa, shi ke tsare ƙofa, kuma ya kafa nasa shagon a bakin ƙofar, duk mai shigowa sai ya bi ta gabansa. Haka suke kallon manyan kamfanonin nan. A Satumba 2023 suka ware guda shida, Apple, Amazon, Meta, Microsoft, ByteDance mai TikTok da Alphabet uwar Google, suka sa musu suna masu tsaron ƙofa. Ba su ce a ƙwace filin ba. Cewa suka yi kada mai fili ya tura kayansa gaba ya danne na 'yan haya, kada ya hana ɗan haya gaya wa mai saye cewa kayan sun fi araha a waje, kuma ya bar wasu su buɗe nasu kantin manhajoji. Wanda ya karya, tara za ta iya kai kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na duniya a shekara.

Kuma suna cin tarar. A Afrilu 2025 an ci Apple yuro miliyan 500, saboda hana masu manhaja nuna wa jama'a hanyar biya mai sauƙi a wajen kantinsa, inda ladan da yake cirewa kan kai kashi 30. Meta ta sha miliyan 200, don ta ce wa masu Facebook da Instagram ko su biya kuɗin wata, ko su yarda a yi amfani da bayanansu wajen talla. Google kuwa tun 2017, kafin wannan doka, aka ɗora masa biliyan 2.42 ƙarƙashin wata doka daban. A gaskiya ga irin waɗannan kamfanoni, wannan kamar a ɗebi moɗa ɗaya ne a tulu. Abin da ya fi musu ciwo, a ganina, shi ne a ce su canja yadda suke ciniki.

Kada ka ce komai daɗi ne. Sabon abu kan makara kafin ya iso mu. Threads, dandalin sada zumunta na Meta, ya fito a Yuli 2023, mu sai Disamba muka gan shi, ku a Kano kun riga mu. Kuma cikin waɗanda muke lodin motoci tare a unguwar Heyvaert, ban san ko mutum ɗaya da ya taɓa saukar da manhaja daga wani kanti daban ba. An buɗe ƙofa, amma ƙafa ta saba da tsohuwar hanya.

Ga abin da ya shafi shagonka. Wancan 'yanci na kantuna daban a iPhone ba ya bin waya zuwa gida, don sai asusunka na Turai ne kuma kana zaune a cikinta. Saboda haka kada wani dillali ya ƙara maka ko sisi da sunan wai 'yar Turai ce. Abin da ke bin waya shi ne ramin caja. Wata doka daban ta ce daga 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a nan sai mai USB-C, kuma tun iPhone 15 Apple ya canja wa duniya baki ɗaya. A ɗakina yanzu igiya ɗaya ke cajin waya da abin kunne da kwamfuta. Har iPhone 14 sun janye daga kantunansu na nan saboda tsohon rami.

Na ji mu ma hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta dala miliyan 220 a Yuli 2024. Na gaya wa ɗan Marokon nan, don kada ya zaci Brussels kaɗai ke da haƙori.

Shawarata, ka rage sarin igiyar Lightning, ta tsohon ramin iPhone, sannu a hankali, amma kada ka yanke gaba ɗaya. Wayoyin da aka yi amfani da su masu tsohon rami da ake ajiyewa a nan, wurinku za su ƙare, kuma za su ɗauki shekaru suna neman caja.

A gaida Inna, a ce mata man zafin yana cikin kwalin wayoyin.

Ƙaninka.