Ƙaramin injin niƙa na gida: ko ya cancanci kuɗinsa ga mai cutar siliyak a Legas?

Da zarar likita ya tabbatar wa wani cutar siliyak, gida yakan yi sallama da burodin Agege da taliya da Indomie da Semovita, a koma tuwon shinkafa da na dawa da na masara. Hakan daidai ne, domin waɗannan hatsi ba su da gulutin, sinadarin nan na alkama da sha'ir da ke sa kwaɓin fulawa danƙo, wanda kuma yake sa garkuwar jikin mai cutar ta riƙa cinye bangon ƙaramin hanjinsa. Amma sai a ga watanni sun shuɗe, kumburin ciki da gudawa suna nan, ƙarancin jini bai gyaru ba, yaro bai ƙara nauyi ba. Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne injin niƙan unguwa.

A Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, inji ɗaya ne ke niƙa wa kowa. Wadda ta riga ki a layi wataƙila alkamar funkaso ko ta alkaki ta kawo, ko ta tuwon alkamar da masu ciwon suga suke yawan ci. Ragowar garinta na nan maƙale a haƙoran inji da mazurari da ƙyallen bakin, kuma dawarki ce za ta wanke shi. Ƙa'idar duniya ta ce abincin da za a kira marar gulutin kada gulutin da ke cikinsa ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Garin alkama kuwa kusan kashi 10 cikin 100 nasa gulutin ne. Ke nan giram ɗaya tak na garin alkama, abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, ya isa ya kai garin dawa kilo 5 bakin iyaka. Abin da ke kwance a cikin injin kasuwa ya ninka haka sau da yawa, kuma kaɗe shi da tsintsiya da mai niƙa yake yi ba ya raba shi da garin.

Wannan ne ya sa na ga ya dace a yi bayani a kan ƙaramin injin niƙan busasshen hatsi da ake samu a kasuwar Alaba da ke Ojo da kuma shagunan intanet irin su Jumia. Yawancinsu ƙirar Sin ne, sunaye daban-daban amma gini ɗaya: tukunyar ƙarfe marar tsatsa a sama, motar lantarki mai juya wuƙa a ƙasa, wuƙaƙe a ciki masu juyawa da matuƙar gudu, murfi mai maƙalai, da maɓallin ƙidayar lokaci. Manyan suna zaune a kan ƙafa mai lilo, ana karkata su a juye gari. A kwalin akan sami wuƙar canji, da gawayin mota guda biyu (ƙananan gutsattsarin da ke isar da wuta ga motar), da ɗan buroshi, wani lokaci har da rariya. Ana sayar da su bisa nauyin da aka ce suna ɗauka, daga giram 500 zuwa kilo 2 da ɗoriya.

Wannan nauyin da aka rubuta kada a ɗauke shi da gaske. Tukunyar ba ta son a wuce kashi biyu cikin uku, don hatsin yana buƙatar sararin da zai yi ta bugun wuƙa. Mai rubutun kilo 1, a zuba masa giram 600 zuwa 700. Idan aka cika shi, mota takan yi nishi, ƙasa ya zama gari, sama ya tsaya tsaki.

Ta fuskar aiki, gero da dawa su ne suka fi yi masa daɗi. A kunna daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya, a kashe, a girgiza, a sake sau ɗaya ko biyu, sai a tankaɗe. Abin da ya rage a rariya a mayar da shi cikin zubi na gaba. Garin yakan fito da laushin da zai yi tuwo da fura da kunu ba tare da ƙorafi ba. Acca ma nan da nan take zama gari, sai dai aikinta yana wajen wanki da regaya, don injin zai niƙe yashin da ke cikinta tare da ita, kuma haƙori zai ji shi a tuwo. Shinkafa tana buƙatar zagaye uku. Masara ce mai ba shi wahala: tana da tauri, tana cin bakin wuƙa, ƙarar kuma sai maƙwabta sun san ana niƙa. Wadda aka surfa aka bushe ta fi sauƙi ƙwarai, amma a tambayi inda aka yi surfen.

Inda ya fi burge ni shi ne ɗanwake. Yawancin ɗanwaken da ake sayarwa yanzu da fulawa ake yinsa, wasu ma babu wake a ciki sam, don haka mai siliyak ya daɗe da haƙura da shi. Da injin nan ana komawa na asali. A surfa wake a cire ƙambori, a bushe shi sarai, a niƙa. A fasa busasshen rogo ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa kafin a zuba, don manyan gutsattsari suna lanƙwasa wuƙa. Kofi 2 na garin wake, kofi 1 na garin rogo, babban cokali 2 na kuka, sai ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace. Kuka da rogo su ne ke riƙe shi a ruwan zafi. In ya watse a tukunya, ko kwaɓin ya yi ruwa, ko an jefa kafin ruwan ya tafasa sosai. Garin waken nan kuma yana yin alala da tubani.

Akwai abin da ba ya yi, ko da mai shago ya rantse. Ba ya markaɗe. Jiƙaƙƙiyar shinkafar waina ko waken ƙosai sai bilenda, ita ma ta gida, wadda ba a taɓa kwaɓa fulawa a ciki ba. Gyaɗa da riɗi suna fitar da mai su dunƙule a gindin wuƙa. Barkono da citta yana niƙa su tas, amma ƙamshin ba ya barin tukunyar, garin kunu na gaba zai ɗauka.

Sai batun danshi, wanda a Legas babban al'amari ne. Hatsin kasuwa dole a zuba shi a faranti a tsince, domin ƙwayoyin alkama suna shiga dawa da gero ta buhun da aka sake amfani da shi da kuma mudu ko derikar awo ɗaya. Bayan tsinta sai wanki, bayan wanki sai shanya, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba rana ba ta da tabbas a nan. Hatsin da bai bushe ba yana liƙewa a jikin tukunya, garinsa ya yi tsami ko fumfuna cikin 'yan kwanaki. Gwajin mai sauƙi ne: a ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa da sauranta. Idan rana ta ƙi, a ƙarasa busarwa a kasko kan wuta kaɗan ana juyawa, a bari ya huce. Gari kuma yana fitowa da zafi daga injin, don haka a baza shi ya sha iska kafin a rufe a roba mai murfi. Niƙan mako biyu ya isa, sai in akwai firiza mai samun wuta.

Wuta ita ce babbar illarsa. Motar tana jan lantarki sosai lokacin tashi, ƙaramin janareton nan na fitila da fanka ba zai ɗauke ta ba, kuma idan wutar NEPA ta zo da rauni, motar takan yi zafi tana juyi a hankali, abin da ke ƙona ta ke nan. Kada a bar shi yana aiki fiye da 'yan mintuna a jere. A ba shi hutun minti 10 tsakanin zubi. In ya mutu ana cikin aiki, galibi maɓallin kariya ne ya tsinke: a cire filogi, a rage hatsi, a jira ya huce, a danna. In kuwa ya fara tartsatsi da warin ƙuna yana rage ƙarfi, gawayin mota ne ya cinye, kuma canza shi aikin sukuddireba ne. Ba a nutsa shi a ruwa, buroshi da busasshen ƙyalle kawai. Wasu injinan ba sa tsayawa idan an buɗe murfi, wannan kuwa haɗari ne na gaske a gidan da ke da yara. A cire filogi, a jira wuƙa ta tsaya cak, ƙura ta kwanta, sannan a buɗe.

Amfaninsa duka ya rataya ne a kan cewa alkama ba ta taɓa shiga cikinsa ba. Saboda haka ba a sayen na hannu, komai arharsa, kuma ba a ba da aronsa. Na san wannan yana da nauyi a zaman haya inda ake aron komai, amma gara a yi wa maƙwabciya bayani sau ɗaya da kyau, a ce magani ne na mai lalura. Haka ma rariyarsa da muciyarsa da robar garinsa su zama nasa shi kaɗai. Ga masu tunanin garin leda ya fi sauƙi, lambar NAFDAC shaidar rajista ce, ba ta nufin an gwada gulutin. Sai an karanta abin da aka haɗa da kuma gargaɗin ko masana'antar tana sarrafa alkama.

Wanda yake zargin cutar kawai, bai je asibiti ba, kada ya fara da sayen inji. Gwajin jini na tTG-IgA da ɗaukar ɗan naman hanji ta kyamara suna buƙatar mutum yana cin alkama a lokacin, in ya daina sakamakon zai iya fitowa lafiya alhali cutar na nan. A fara ganin likitan ciki a asibitin koyarwa na LUTH ko na LASUTH tukuna.

Ga gidan da aka tabbatar, ina ganin ya cancanci kuɗinsa, kuma mai kilo 1 ya ishi mutum ɗaya ko biyu. In duk gida ne za su ci tuwo ɗaya, a ɗauki mai kilo 2 mai lilo. Farashinsa yana bin dala, don haka a zaga shago biyu ko uku. Kafin a biya, a sa a buɗe sabon kwali a gabanku, a duba robar bakin murfi ko ta zauna daidai don ta nan gari ke tsiyaya, a tabbatar da wuƙar canji da gawayin mota suna ciki, a kuma je da 'yar busasshiyar shinkafa daga gida a gwada da ita, kada a yarda a gwada da hatsin shago.