Yaya, ga bayanin wiskin da ka ce in taho maka da shi

Yaya barka da war haka, ya gida ya yara, a gaishe min da Mama da kyau. Na ga saƙonka cewa idan zan zo Kirsimeti in taho maka da wiski mai shekara 30 irin wanda ka gani a Facebook, to bari in zauna in yi maka bayani dalla-dalla don ni kaina sai da na zo Sikotlan na gane abin ba yadda muke ɗauka ba ne.

Ka san ina Elgin, yankin da ake kira Speyside, nan ne gidajen dafa wiski suka fi yawa a duk ƙasar, daga nan zuwa Dufftown inda gidajen dafa wiskin Glenfiddich da Balvenie suke bai fi tafiyar rabin awa a mota ba. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya shafe rayuwarsa yana gyaran gangunan katako da ake ajiye wiskin a ciki, shi ya fara kai ni cikin ɗakin ajiya, kuma har yau ƙanshin wurin bai bar hancina ba. Ɗaki ne mai duhu da sanyi, ƙasan ko siminti babu, ganguna a jere hawa uku kowacce an rubuta mata shekarar da aka zuba, iskar wurin kamar ka buɗe tsohon akwatin Kaka ka haɗa da ƙanshin dabino. Na ga wata ganga da aka cika tun kafin a haife ni, tana nan ba wanda ya taɓa ta.

Wanda suke kira singil molt sha'ir ne da aka tsirar da shi, kamar dai yadda matan unguwarmu ke jiƙa dawa ta yi tsiro kafin su dafa burkutu, sai ruwa da yis, shikenan. Bambancin shi ne burkutu yau aka dafa jibi ya yi tsami, shi kuwa wannan sai an tace shi ta tururi a tukwanen jan ƙarfe, yawanci sau biyu, ya fito fari tas kamar ogogoro, sannan a zuba a ganga. Kuma dole duk daga gida ɗaya ya fito. Dokarsu ta 2009 ta ce sai ya yi aƙalla shekara 3 cikin gangar itacen oak a cikin Sikotlan kafin ma a kira shi wiski, ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100, kuma lambar da ka gani a jikin kwalba shekarun wanda ya fi ƙuruciya ne a cikin haɗin. Wato in an rubuta 18 to ko ɗigo ɗaya mai shekara 17 babu a ciki.

Wannan shi ya fi tsaya min a rai Yaya, don na tuna bikin ƙanwarmu da muka tara kuɗi muka sayi kwalabe uku masu tsada a wani shago a gari, kwali mai kyau hatimi da komai, washegari duk wanda ya sha kansa kamar ana sara da gatari, ashe tsohuwar kwalba aka cika da abin da Allah kaɗai ya sani. Har yau abin na min ciwo don kunya muka ji gaban surukai. A nan kuwa ka shiga shago ka ɗauki kwalba hankalinka kwance, abin da aka rubuta shi ne a ciki, kuma mai shagon zai tsaya ya tambaye ka wane irin ɗanɗano kake so, har ya ce kada ka sayi mai tsadar ga wanda zai fi dacewa da bakinka.

Tsadar kuma akwai dalili. Katako yana numfashi, duk shekara kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke gangar yana bin iska, su suna ce masa rabon mala'iku, to ka lissafa shekara 30, kusan rabi ya tafi, ga kuɗin ajiya ga haraji. Mai shekara 12 za ka samu a fam 40 ko kusa da haka, mai 30 kuwa ɗaruruwan fam ake magana, wani ya haura 1,000. A nan Elgin akwai kamfanin Gordon & MacPhail da suka buɗe shago tun 1895, a 2021 suka fitar da wiskin Glenlivet da aka zuba a ganga a 1940, shekara 80 cur, kwalba 250 kawai aka samu. Sai kwalbar Macallan ta 1926 da aka yi gwanjonta a Landan a Nuwamba 2023 kusan fam miliyan 2.2, kwalba ɗaya fa. Ni wannan bai burge ni ba gaskiya, masu sayen irin wannan ba sha za su yi ba, ajiya ce kamar fili ko gwal.

Amma na ɗanɗana mai shekara 25 sau ɗaya, ranar da dattijon nan ya yi bikin zagayowar haihuwarsa. Ɗan kaɗan ya zuba min a wani kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, ya ce kar in yi gaggawa in fara shinshinawa. Farko zafi ya bugi hancina, ya ɗiga ruwa ɗigo uku da ƙaramin cokali, sai ga ƙanshin dabino da zabibi ya taso, can ƙasa kanumfari da ɓawon lemu. A baki ba ya ƙuna irin na ledan da samari ke sha a tasha, laushi gare shi kamar zuma, daga baya ɗan bauri ya biyo irin na goro, ka san yadda in ka ci goro ka kora da ruwa zaƙi ke dawowa, to haka, kuma na fi minti biyar ina jin sa a harshe. Ya ce wannan dabinon daga gangar yake, an taɓa ajiye giyar sheri ta Sifen a cikinta. Waɗanda aka sa a gangunan da suka zo daga Amurka su kuma ƙanshin kwakwa da alewar madara suke yi. Na tsibirin Islay irin su Laphroaig da Lagavulin hayaƙi ne zalla kamar bandar kifi haɗe da warin asibiti, saboda da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi da ake ƙonawa suke busar da tsiron, ni bai karɓe ni ba sam.

Ya kuma gaya min tsufa ba kullum ne daɗi ba, wata gangar in ta daɗe katakon ya rinjaye ta sai ɗaci kamar kana tauna asuwaki.

Su ma fa suna fama da shaye-shaye kar ka ɗauka komai lafiya, shi ya sa shago ba ya sayar da giya sai daga 10 na safe zuwa 10 na dare, kuma tun 2018 gwamnati ta sa farashin da ba a sauka ƙasa da shi. In kun je ɗanɗano a gidan dafawa direbanku ba ya sha, sai su zuba masa nasa a 'yan ƙananan kwalabe ya tafi da su gida.

Don haka Yaya mai 30 ɗin nan ya fi ƙarfin albashina, ga kuɗin makarantar yara a gabanmu. Mai shekara 15 zan kawo maka na gangar sheri, na san zai yi maka. Ka ajiye shi a tsaye inda rana ba ta kaiwa, kuma in ya shiga kwalba ya daina tsufa, ko shekara 20 ka ɓoye shi mai 15 ne. Kar ka zuba masa lemon kwalba don Allah. In ya ƙare ka fasa kwalbar, kada yara su sayar wa masu yawon sayen kwalabe.