Mota mai garanti ko 'yar Kwatano: shin ƙarin kuɗin ya cancanta?

Mai neman motar hannu a Kano, Kaduna ko Abuja yau hanya uku ce a gabansa. Akwai 'yar gida, wadda wani ya hau a nan ya gaji ya saki. Akwai wadda aka sauke daga jirgin ruwa, da har yanzu muke ce wa Beljiyam ko 'yar Kwatano, ko da kuwa daga Texas ta taso. Sai ta uku, wadda kamfanin sayar da motoci ya bincika, ya gyara abin da ya samu, ya ba ka takardar garanti, sannan ya ɗora maka ƙarin kuɗi a kan farashin kasuwa. Ni ta ukun nan nake so, kuma ita nake ba 'yan uwa shawara su saya, amma da sharaɗin da yawancin masu tallarta ba sa cikawa.

'Yar gida ba zan ɓata lokaci a kanta ba. In ba ka san mai ita ba, ba ka san bakaniken da ke duba ta ba, ka bar ta.

Tsarin mota mai shaida, wato irin ta ukun nan, ya yi ƙarfi a Amurka, kuma a can yana da ma'ana bayyananniya. Ɗauki Toyota. A babban matakin shirinsu, motar ba za ta wuce shekara 6 ba, ba ta yi tafiyar da ta haura mil 85,000 ba, ana duba wurare 160 a jikinta, sannan a ba mai saye garantin wata 12 ko mil 12,000 a kan yawancin kayanta, da na shekara 7 ko mil 100,000 a kan inji da giya. Honda wurare 182 take dubawa. Abin da mutum ke biya a can shi ne alkawarin kamfanin da ya ƙera motar, kuma duk dilan kamfanin da ya shiga za a karɓe shi. Ɗan uwanmu da ke zaune a Houston ko New York, in ya tambaye ni, sai in ce ya biya ƙarin hankali kwance, musamman in motar ita ce hanyar cin abincinsa.

To amma wannan alkawari ba ya hawa jirgi. Ranar da mota ta sauka a Tin Can ko Apapa, garantin can ya zama tarihi. Don haka idan dillali ya nuna maka tambarin "Certified" manne a gilashi, ko wata takarda daga Amurka, ya ce saboda ita ya ƙara kuɗi, ka sani babu inda za ka kai ta a nan a canza maka ko filogi ɗaya. Iyakar amfaninta ta nuna cewa wani lokaci a baya motar ta kasance lafiya.

Wadda nake nufi ita ce wadda kamfanin da ke nan, mai ofis da garejin kansa, ya sa hannu a kanta. Darajarta ba a yawan wuraren da aka ce an duba take ba, domin kowa na iya buga takarda ya yi ta zuba alamar "daidai". Darajarta ita ce akwai wanda zai ɗauki asara idan abu ya lalace. A filin dillalai, da zarar an ce "Allah ya sa albarka" an karɓi la'ada, shi ke nan. Giya ta fara fizga bayan sati biyu, amsar da za ka samu ita ce lafiya lau ka tafi da ita. Kamfanin da ya san zai sauke giya da kuɗinsa kuwa, tun kafin ya ajiye motar a filinsa zai tabbatar giyar ba ta da ciwo. Tsoron asararsa ne yake yi maka aiki.

Lissafin ƙarin kuɗin ba shi da wuya. Ka je Ƙofar Ruwa ko Fanteka ka tambayi kuɗin inji da giyar irin motar, ka haɗa da kuɗin aiki da kwanakin da za ta yi a gareji kana hawa Adaidaita. In ƙarin da kamfani ya ɗora bai kai haka ba, ka ci riba. A kan tsohuwar Corolla, wadda kayanta ke ko'ina kuma kowane yaron gareji ya san cikinta, ƙarin ba dole ba ne, bakanike mai amana ya wadatar. Amma motar Jamus, ko mai haɗin batir da fetur, ko mai giyar CVT (otomatik mai amfani da bel ko sarƙa) irin ta Nissan da sababbin Honda, ba zan taɓa ta ba sai da garanti a rubuce.

Kafin ka biya, ka karanta takardar da kanka. Wata nawa ne, ko kilomita nawa? Waɗanne kaya ta ambata da suna? Kuɗin aiki a kan wa yake? In motar ta mutu a Gusau kamfanin yana Legas, wa zai biya janwe? Akwai garantin da ke mutuwa da zarar wani bakanike daban ya canza maka baƙin mai. Kuma mafi yawansu inji da giya kawai suke rufewa, su bar kayan wuta, alhali a nan ne babbar cutar take.

Ina nufin motar ambaliya, kuma ita ce ta taɓa cin kuɗina har na fita hayyacina. Mota ce tsaf, fenti na sheƙi, inji shiru. Sai damina ta shigo, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilun dashbod su kunna kansu, jibi ta mutu a tsakiyar titi. Masu rewaya sun yi ta bin waya ɗaya bayan ɗaya, an canza birenbos, wato kwamfutar motar, ba ta warke ba, domin tsatsar tana cikin mahaɗan wayoyin da ke shimfiɗe ƙarƙashin kafet. Guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa, Ian ta yi nata a Florida a 2022, kuma ruwan tekun da ya malalo Florida na gishiri ne, ya fi cin ƙarfe da waya. Kamfanonin inshora suna biyan masu motocin, su kai su gwanjo irin Copart da IAA, inda ake rubuta matsalarsu ƙarara. Masu gwanjon ba su ɓoye komai ba. Tsakanin can da filin dillali ne labarin yake ɓacewa. Ba ma sai Amurka ba: Dubai ta sha ruwa a Afrilun 2024, Maiduguri a Satumbar 2024 bayan fashewar madatsar Alau, motoci da yawa sun kwana cikin ruwa.

Saboda haka ko kamfani ne, ko ɗan uwanka ne dillalin, ka durƙusa ka duba. Ɗaga kafet ta ƙasan kujerar direba ka shafa soson da ke ƙarƙashi. Leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kansu da kusoshinsu, motar da ba ta sha ruwa ba ba kasafai take tsatsa a nan ba. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, za ka iya ganin layin da ruwa ya tsaya. Buɗe ramin safaya taya ka nemi busasshen laka. Motar da aka cika wa turare fiye da kima, ko tsohuwa mai sabon kafet dal, ka tambayi dalili.

Sai lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, dole su zo ɗaya da na takardun kwastan. A motocin kasuwar Amurka na goma a jerin shi ne shekarar mota: 8 na nufin 2008, A 2010, F 2015. Wannan kaɗai zai tona asirin wadda aka sauya wa fitilu da bamba aka ce sabuwar fita ce. Rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan, ka ga motarka da gaba a murƙushe. Rahoton Carfax ko AutoCheck, masu ajiye tarihin motocin Amurka, zai nuna mil ɗin da aka rubuta mata a baya, ka gwada da abin da mita ke nunawa yanzu. Ka sayi rahoton da kanka. Wanda dillali ya miƙo maka a buge, ana iya gyara shi a kowane shagon kwamfuta.

Akwai sauran dabaru. Ana cire ƙwan fitilar gargaɗin inji, don haka ka murɗa makulli ba tare da tayar da mota ba, ka ga duk fitilun sun kama sannan su mutu bayan ta tashi. Ana rufe gurbin jakar iskar da ta riga ta fashe babu komai a ciki. Ana sare indomin salansa, wato matatar hayaƙi, a sayar, a liƙa bututu. Ana goge laifuffukan da kwamfutar mota ta ajiye da na'ura da safen ranar da za ka zo, shi ya sa ya kamata bakanikenka ya sa tasa na'urar bayan kun yi tafiya mai ɗan nisa, ba kafin ba. Takardun kwastan ma ana buga na jabu, kuma a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, don haka duk wadda aka ce ta biyo ta Maraɗi, ka kai takardunta ofishin kwastan a tantance kafin ka ba da ko sisi.

Kamfanin kirki ba ya jin haushin wannan bincike. Zai ba ka lambar shasi tun a waya, ya bar bakanikenka ya ɗaga motar, ya kuma yarda a rubuta cewa in ta tabbata ta sha ruwa ko an taɓa mitarta, za a karɓe ta a mayar maka da kuɗinka. Wanda ya ce shaidarsa ta isa, ba sai ka kawo kowa ba, farashin 'yar Kwatano ya kamata ka taya masa.