Cocullo, Gubbio ko Nola: Wane Bikin Waliyyi Ya Cancanci Kuɗin Tafiya a Italiya?

Wanda ya samu bizar shiga Italiya tsakanin watan Mayu da na Yuni, ko don ziyarar ibada a Roma, ko don karatu ko wani taro, yakan rage da kwana biyu ko uku da zai iya kashewa a wajen babban birni, kuma lokacin ya dace da kakar da ƙananan garuruwan ƙasar suke bikin shekara na waliyyin da kowane gari ya riƙa a matsayin majiɓincinsa. Ba a sayar da tikitin shiga irin waɗannan bukukuwa, domin a titi da dandalin gari ake yinsu. Abin da matafiyi zai biya shi ne hanya da makwanci, sai kuma wurin tsayuwa, wanda ba da kuɗi ake samunsa ba, da sammako da juriya ne. Saboda haka zaɓi tsakanin garuruwa uku da suka yi suna, wato Cocullo da Gubbio da Nola, ya fi dogara ga yawan kwanakin mutum da ƙarfin jikinsa fiye da kyawun hotunan da ya gani a intanet.

Cocullo shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi arha. Ƙauye ne a kan duwatsun yankin Abruzzo, a tsayin da ya kusa mita 900, mazaunansa ba su kai ɗari uku ba, amma a ranar 1 ga Mayu dubban mutane suke cika shi domin bikin Waliyyi Domenico, wani shugaban gidan sufaye da ya rasu a garin Sora a shekarar 1031. A da ana yin bikin ne a Alhamis ta farko ta Mayu, sai daga 2012 aka tsayar da shi a ranar ma'aikata, wadda hutu ce a duk ƙasar, kuma wannan ya ƙara cunkoso. Da tsakar rana, bayan sujadar Mas, ake fito da siffar waliyyin, a lulluɓe ta da macizai masu rai, a zaga gari da ita. Masu kama macizan ba kamar gardawa ba ne da suke wasa da kumurci a kasuwa don a jefa musu kuɗi. Mutanen ƙauyen ne da suke fita daji tun ƙarshen Maris su kamo nau'o'in da ba su da dafi, su kula da su har ranar biki, sannan su mayar da kowanne inda aka ɗauko shi. Akwai kuma al'adar jan igiyar wata ƙaramar ƙararrawa da haƙori a cikin coci, domin ana roƙon waliyyin kariya daga ciwon haƙori da saran maciji.

Ta fuskar aljihu, falalar Cocullo ita ce ana iya zuwa a dawo a wuni guda. Ƙauyen yana da tashar jirgin ƙasa a kan layin da ya taso daga Roma ya bi ta Sulmona zuwa Pescara, kuma babbar hanyar mota ta A25 tana da mafita a daidai wurin. Jirgin ya fi mota a wannan rana, saboda masu mota sukan ajiye ta nesa su ƙarasa da ƙafa. Sai dai jiragen da suke tsayawa a tashar ba su da yawa, don haka wajibi ne a duba jadawalin kamfanin jiragen ƙasa na Trenitalia na ranar kanta, musamman lokacin jirgin komawa, kafin a sayi tikiti. Wanda yake son kwana kada ya sa rai da ɗaki a ƙauyen, gara ya nemi masauki a Sulmona. Naƙasun wannan zaɓi shi ne gajartarsa: zagayen ba ya daɗewa, lungunan matsattsu ne, kuma wanda ya iso bayan ƙarfe goma na safe zai iya ƙarewa da kallon ƙeyar mutane da wayoyin da aka ɗaga sama. Wanda jininsa bai haɗu da maciji ba kuma ya sani cewa ba a kan siffar kaɗai suke ba, a hannun yara da wuyan baƙi ma zai gan su.

Gubbio ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi tsada a tsari kuma shi ne, a ganina, ya fi mayar wa mutum da kuɗinsa. Gari ne na dutse a yankin Umbria mai mutane kimanin dubu talatin, kuma majiɓincinsa shi ne Waliyyi Ubaldo, bishop ɗin garin da ya rasu ranar 16 ga Mayu, 1160. Bikin yana faɗawa a jajiberin wannan rana, wato 15 ga Mayu, ko wace rana ce ta mako. Ana ɗaukar wasu manyan ginshiƙan katako uku da ake kira Ceri, kowanne nauyinsa ya kusa kilo 300, a saman kowanne akwai ƙaramar siffar waliyyi: Ubaldo na magina, masu rigar rawaya; Giorgio na 'yan kasuwa, masu shuɗiya; da Antonio na manoma, masu baƙa. Dukansu suna sa farin wando da jar ɗamara. Tun 1973 waɗannan ginshiƙai uku ne tambarin yankin Umbria baki ɗaya, wanda ya nuna matsayin bikin a wurin mutanen ƙasar.

Ranar tana da manyan lokuta biyu, kuma a nan ne baƙo yake buƙatar shawara. Na farko shi ne ɗaga ginshiƙan a babban dandalin Piazza Grande dab da tsakar rana, lokacin da shugabannin ƙungiyoyin suke jefa tulunan tangaran cikin jama'a, mutane su yi wawar gutsattsarin don tabarruki, sannan a miƙar da ginshiƙan tsaye su fara juyawa da gudu a tsakiyar taro. Na biyu shi ne gudun kansa, wanda yake farawa da ƙarfe shida na yamma, ya bi titunan gari a zango-zango, ya ƙare da hawan Dutsen Ingino zuwa cocin da gawar waliyyin take, jimillar tafiyar sama da kilomita 4. Ba tsere ba ne na wane ya riga wane, domin jerin ba ya canzawa, Ubaldo ne kullum a gaba; abin alfahari shi ne kada ginshiƙi ya faɗi, kuma mutanen Ubaldo su ba da rata har su rufe ƙofar harabar coci kafin na Giorgio su iso. Mutum ɗaya ba zai iya ganin farkon gudun da ƙarshensa ba. Wanda ya zaɓi cikin gari zai ga saurin masu ɗauka da yadda suke karɓar juna a kafaɗa ba tare da tsayawa ba, amma sai ya manne da bango, domin ba a kauce wa kowa. Wanda ya zaɓi dutse zai hau tun da la'asar, da ƙafa ko da ƙaramin keji na igiya da yake ɗaukar mutane a tsaye zuwa sama, ya jira isowarsu. Ga mai tafiya da dattijo ko yara, gefen dutsen ya fi dandalin aminci nesa ba kusa ba, kuma ba na ba kowa shawarar shiga tsakiyar Piazza Grande da yaro a hannu.

Tsadar Gubbio daga hanya take farawa. Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa. Sai an sauka a Fossato di Vico, kan layin Roma zuwa Ancona, a hau bas na kusan kilomita 20, ko a zo da bas daga Perugia mai nisan kusan kilomita 40. Tunda gudun ba ya ƙarewa sai dare ya fara shiga, komawa Roma a daren nan da motar haya ta jama'a kasada ce, don haka lissafin gaskiya shi ne kwana biyu, daren 14 da na 15. Ɗakunan cikin tsohon gari kaɗan ne kuma ana kama su watanni kafin lokaci. Masaukin gona da yake bayan gari yakan fi sauƙin samu, amma ba ya da amfani sai ga mai mota, kuma titunan tsakiya a rufe suke ranar. Kwana a Perugia ya fi yalwar zaɓi, illarsa kawai mutum zai rasa kiɗan gangunan asuba da ake tashin gari da shi. Wanda bai samu ɗaki ba yana da wata mafita da ba kowa yake lura da ita ba: ana maimaita gudun da matsakaitan ginshiƙai na matasa a wata Lahadi bayan babban bikin, da kuma ƙanana na yara ranar 2 ga Yuni. Tsarin ɗaya ne, cunkoson ya fi sauƙi, ko da yake armashin ranar 15 ba ya maimaituwa. Mai neman ibada fiye da kallo kuwa ya ƙara safiyar 16 ga Mayu a lissafinsa, domin ita ce ainihin ranar waliyyin a coci.

Nola tana can kudu, kusa da Napoli, kuma bikinta na Gigli shi ne mafi girma a ido. Ana yinsa ne don Waliyyi Paolino, haifaffen Bordeaux ta Faransa wanda ya zama bishop ɗin Nola ya rasu ranar 22 ga Yuni, 431. Labarin da mutanen garin suka gada ya ce ya miƙa kansa bauta a madadin ɗan wata gwauruwa, aka tsallaka da shi Afirka, da ya dawo a jirgin ruwa sai aka tarbe shi da furanni. A ranar Lahadin da ta biyo bayan 22 ga Yuni ake ɗaukar Gigli ɗin, wato hasumiyoyi takwas na katako da aka yi wa ado da sassaƙen takarda, kowace tsayinta mita 25, tare da siffar jirgin ruwa ta tara, kuma kowace hasumiya tana wakiltar wata tsohuwar sana'a, irin su masu lambu da masu burodi da mahauta da maƙera da maɗinka. Maza sama da ɗari ne suke shiga ƙarƙashin kowace ɗaya, makaɗa suna zaune a gindinta, suna rausaya da ita bisa kiɗa. A 2013 UNESCO ta saka bikin cikin jerin al'adun gado na duniya tare da makamantansa na Viterbo da Palmi da Sassari.

Makwanci ba matsala ba ne a nan, tunda Napoli cike take da otal na kowane farashi, jirgi mai sauri daga Roma yana kai wa can cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, daga nan kuma akwai jirgin unguwanni na Circumvesuviana zuwa Nola, wanda ya kamata a tabbatar yana aiki a ranar kafin a dogara da shi. Abin da Nola take karɓa daga baƙo shi ne jiki. Ƙarshen Yuni lokacin zafi ne a kudancin Italiya, lasifikokin da suke kan hasumiyoyin suna da ƙara ƙwarai, kuma zagayen lungunan da ake farawa da yamma yakan kai har wayewar garin Litinin, lokacin da jiragen dare sun daɗe da tsayawa. Mafi dacewa ga baƙo shi ne ya zo da safe, ya ga yadda ake tara hasumiyoyin a dandalin babban coci har bishop ya sa musu albarka da rana, ya ɗan bi farkon zagayen yamma, ya koma Napoli. Wanda ya fi son addu'a ya zo ranar 22 kanta, lokacin da ake fita da siffar azurfa ta waliyyin, ya haɗa da ziyarar tsofaffin coci-cocin Cimitile da suke dab da garin.

Idan aka ɗora ukun a ma'auni, mai wuni ɗaya tak daga Roma ba shi da zaɓin da ya wuce Cocullo, kuma kuɗinsa ba zai wuce na tikitin jirgi da abincin rana ba. Mai kwana biyu da ya fara shiri tun farkon shekara ya ɗauki Gubbio. Nola ta dace da saurayi mai ƙarfi, ko wanda dama yana da niyyar zuwa Napoli, amma ban ga hikimar sayen tikitin jirgin sama saboda ita kaɗai ba ga wanda hayaniya take damunsa.

Batun abinci ma yana shiga lissafi, musamman ga Musulmin da ya je kallo ko Kiristan da ba ya cin naman alade. Rumfunan titi a irin waɗannan bukukuwa sun fi sayar da gasasshen alade da ake kira porchetta, kuma burodin Gubbio na gargajiya sau da yawa da yankan alade ake cusa shi, don haka a tambaya kafin a biya. A Abruzzo akwai tsiren tunkiya, a Gubbio kuma abincin jajibere na al'ada kifin gishiri ne, Napoli kuwa ba ta rasa fiza marar nama.

Ga wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar, kalandar biza ce take yanke komai. Dokar bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da Italiya take cikinsu, ta yarda a miƙa takardu tun watanni shida kafin tafiya, tana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, kuma kuɗin bizar babban mutum Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Tunda ana neman shaidar masauki a cikin takardun, kuma ba wanda yake da tabbacin amsa, ɗakin da ake iya sokewa ba tare da tara ba ya fi wanda aka biya gaba ɗaya, ko da ya ɗan fi shi tsada. Garuruwa da yawa a Italiya suna karɓar harajin kwana a kan kowane baƙo, wanda galibi a otal ake biyansa daban da kuɗin ɗaki, kuma tikitin takarda na jirgin yanki sai an buga masa hatimi a na'urar tasha kafin a hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci mutum tara ko da ya biya kuɗinsa cif.